Koren Harshen Wuta

4 ga Safar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zuwa ga ɗana, ɗan ƙanena marigayi, Allah Ya haskaka makwancinsa.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina. Mu nan sai godiya. Innarku ce gwiwa ta matsa wa, har ta koma yin salla a zaune. Ni kuwa kunne ya ƙara nauyi. Salular da ka aiko mini tana hannun yayanka, domin in na kara ta ba na jin komai sai kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ka yi haƙuri da alƙalami, da shi na saba.

Ina yi maka albishir, ƙanwarka Allura ta buɗe ɗakin ɗinkinta a saman benen nan na bayan gidanmu. Mata goma sha ɗaya ne har da ita, kekuna tara, dutsen guga uku. Ka san ginin: tagogi duk da ƙarafuna saboda ɓarayi, matakala ɗaya tak, mai ƙunci, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, ga akwatin mita a ƙarƙashinta. Bara da ka zo, ka tsaya a gindin matakalar nan ka daɗe kana duban sama, ka ce in za a ja wuta a nan, a sayi waya mai ƙarancin hayaƙi, marar halojin. Na rubuta kalmomin a bangon littafina don kada su ɓace mini. Yayanka Filaya, wanda shekara ashirin ke nan yana aikin wuta, shi ya yi aikin. Ya kawo mini gammon wayar har ɗakin karatu, ya nuna mini rubutun da ke jikinta, na sa albarka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kafin a buɗe wurin, mazajen matan da iyayensu sun zo wurina bayan sallar la'asar. Sun ji labarin gobarar masana'antu, sun ga tagogin, hankalinsu bai kwanta ba. Na ce musu su natsu, ɗana masanin abin ne, wayar da aka sa ba ta cin wuta. Suka tashi suna godiya. A cikin matan akwai wata dattijuwa, mijinta ya rasu, tana jan ƙafa, ita ce mai kafa maɓallai, wurin zamanta bakin ƙofar matakala. Da na hau duba su, ta ce da sauran: "Tunda Malam ya faɗa, ai magana ta ƙare." Nan take ta hangi maɓallin wuyan rigata yana lilo, ta ce ba zan sauka ba sai ta kafa shi. Tana kafawa zuciyata tana tambayata: wa ya gaya maka ba ta cin wuta? Na bincika ƙwaƙwalwata, ban tuna ka faɗi haka ba. Na shekara hamsin ina koya wa mutane cewa shaida ba ta halatta sai a kan abin da mutum ya sani kamar yadda ya san rana, ga shi na ba da ita a kan kalmomi huɗu da ban san fassararsu ba.

Saboda haka ka warware mini su dalla-dalla, kamar yadda za ka yi wa ɗalibi mai nauyin kai.

Allura ta ce in gaishe da Ɗan Hayaƙi. Ta ce in tambaye ka ko gaskiya ne shekara bakwai ka yi kana karatu don ka koyi ƙona waya, abin da yayanka ya iya ba tare da ya buɗe littafi ba. Filaya yana zaune ta faɗa, ya jefe ta da hula. Bakin nan nata har gobe bai daina huda ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka a inda kake.

Baffanka

*

15 ga Safar

Zuwa ga Baffa,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Takardarka ta iso ta hannun direban da ka ba. Muna lafiya, yara suna gaishe da kakansu. A gaishe da Inna da jiki, Allah Ya ba ta sauƙi. A ce wa Allura na ji saƙonta, bashin amsa yana nan sai mun haɗu.

Baffa, ka gafarce ni, amma maganar da ka gaya wa mutanen nan ba haka take ba, kuma laifina ne da ban yi bayani ba tun bara. Wayar tana cin wuta. Alkawari biyu kawai rubutun ya yi, ba uku ba.

Na farko, ƙarancin hayaƙi. A wurin aikinmu akwai ɗakin ƙarfe rufaffe, taku uku kowace kusurwa. Fitila a bango ɗaya, na'ura mai auna haske a bangon da ke fuskantarta. Mu kunna wa wayar wuta a ciki, mu rufe. In hayaƙin ya bar mafi yawan hasken ya ƙetara, ta ci jarrabawa. Ma'anarsa a rayuwa ita ce, mutum zai iya ganin ƙofa. Wayar da aka saba da ita kuwa, cikin 'yan mintuna fitilar ke ɓacewa kamar an lulluɓe ta da bargo.

Na biyu, rashin halojin. Halojin sunan dangi ne na wasu sinadarai, babbansu a wannan sana'a shi ne kulorin. Yana cikin robar da ke lulluɓe da waya ta yau da kullum. In ta ƙone, iskar da ke fita tana neman danshi, ta same shi a ido da maƙogwaro da huhu, ta zama kamar ruwan batir. Shi ya sa sau da yawa ake fito da mutane daga gobara babu ƙuna ko ɗaya a jikinsu, amma sun riga sun cika. Wayar da na ce a saya, an cire mata wannan dafin. Abin da take ba mutum lokaci ne, minti kaɗan na gani da numfashi. A matakala ɗaya, mintunan nan su ne komai.

Ba ta yi alkawarin hana gobara ba. Ba ta yi magana a madadin bututun da aka zura ta a ciki ba, ko salatif, ko tarin yadi da soso da ke ɗakin.

Sannan rubutun jikin waya da'awa ce kawai, kowa mai inji zai iya buga shi. Da harshenku na malamai, riwaya ce da ba a ga isnadinta ba. Isnadin shi ne takardar wurin da aka gwada ta. Kuma ko takardar ta inganta, tana magana ne a kan gammon da aka saya, ba a kan abin da ke cikin bango ba. Wannan waya tana da tauri, ba ta son kwana, rigarta takan yage in an ja ta da ƙarfi, saboda haka ba kowane mai aiki ke haƙuri da ita ba.

Akwai gwaji da za ka iya yi. A kashe wuta daga mita. A yanko ɗan guntu daga cikin ɗakin ɗinki, a yanko wani daga akwatin da ke kwanar matakala. Ka sami jan ƙarfe tsirara, ka riƙe shi da filaya a kan murhun gas har ya daina canza launin wutar. Ka taɓa shi a jikin robar ya ɗan narke, ka mayar cikin wuta. In harshen ya zama kore shar, akwai kulorin. Ka buɗe taga, kada ka shaƙa.

Gwajin gida ba hukunci ba ne, kada a zargi kowa da shi sai na gwada a nan. Amma in ka ga kore, a sauko da matan a ranar, kada a ƙara ɗinka ko aljihu a saman nan sai an gyara.

Ka aiko mini da guntayen. Kuma ina roƙo, a koma wa mutanen nan a gyara musu magana.

Ɗanka

*

23 ga Safar

Da sunan Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa.

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama, ina fata kuna lafiya. Innarku da sauƙi. Bayaninka ya iso, na karanta shi sau uku, na gane. Allah Ya ƙara maka sani mai amfani.

Ran Juma'a da hantsi, ranar da ba a ɗinki, na kira yayanka na ce ya ɗauko kayan aikinsa. Muka hau. Na ce ya yanko mini guntu daga bayan makunnin da ke kusa da taga. Ya yanko yana dariya, yana cewa, "Ɗan Hayaƙi ya sa Baba makaranta." Muka sauko zuwa kwanar matakala, na nuna akwatin da sandata na ce, nan ma. Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ce." Na ce, in ɗaya ce, yankan ba zai yi wuya ba. Na lura da hannunsa yana kwance murfin. Sau biyu ƙusa tana faɗo masa.

Muka shiga kicin, na buɗe taga kamar yadda ka ce. Guntun farko, wutar ta tsaya a launinta. Guntu na biyu, ina mayar da jan ƙarfen sai harshen ya tashi kore, kore mai kyau, irin launin da na so tun ina yaro, wanda nake zaɓa in zan sayi darduma. Ban taɓa sanin wata rana zan ƙi ganinsa ba. Na sake, ya sake.

Na kashe murhun na dubi yayanka. Shi ya fara.

"Baba, wallahi ba cin amana ba ne. Na saye ta, ka gan ta da idonka, ragowar tana nan a shagona. Amma wayar nan taurin kai gare ta kamar mai ita. Bututun matakala tsoho ne, siriri, kwana huɗu gare shi. Sau uku ina ja tana yagewa. Ga Allura a kaina safe da yamma, ta riga ta gaya wa mata ranar buɗewa. Sai na zura tawa ta da, mai laushi, na haɗa su a bayan mita da can sama."

Na ce, wato ka sa mai kyau a ɗakin da ke da tagogi, ka sa mai dafi a hanyar fita.

Ya ce, "Waya waya ce, Baba. Shekara ashirin ina ja, gidan wa ya ƙone? Shi yana can yana ƙona guntaye a ɗakin ƙarfe, mu ne muke cikin bango."

Na ce, me ya hana ka faɗa?

Ya ce, "In ce wa ƙanena abin da ya karanto a takarda ya gagari hannuna?"

Daga nan ya durƙusa ya riƙe ƙafata, mutum mai furfura a gemu. Ya ce in maganar nan ta fita, babu mai sake kiransa ko ƙwan fitila ya ɗaura. Ya ce in ba shi mako uku: zai fasa bangon, ya sa bututu mai faɗi, ya ja sabuwar daga ƙasa har sama, a ranakun da ba a aiki, ya ce wa Allura danshi ne ya kama bangon.

Na zauna na auna al'amarin kamar yadda nake auna na wasu in sun kawo mini. Suturta aibin Musulmi abin nema ne, balle wanda ya yi nadama ya ɗauki alkawarin gyara. Fallasa ba ta gyara bango. In na rufe ɗakin, dole in faɗi dalili, dalilin kuwa sunansa ne. Kai da kanka ka rubuta cewa gwajin gida ba hukunci ba ne, kada a zargi kowa da shi. Da wannan na riƙe. Wata guda ke nan ana ɗinki lafiya, mako uku ba zai gagara ba da yardar Allah. Na ba shi.

Abin da na yi na kariya, na hau na ce wa Allura kada a riƙa kunna dutsen guga uku a lokaci ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Baba, kai ma ka shiga aikin wuta? Gidan nan injiniyoyi sun yi mana yawa, saura Inna." Matan suka yi dariya. Mai Maɓalli ta tambaye ni ko aikinta yana riƙe, na ce yana riƙe. Maganar mazajensu kuwa, na bar ta sai an gama gyara, in faɗa musu gaba ɗaya.

Ga guntayen nan biyu a ƙunshe. Na ɗaura wa na matakala zare. Abin da na rubuta maka amana ce tsakanina da kai.

Baffanka

*

19 ga Rabi'ul Awwal

Baffa,

Sallama. Ka yafe mini gajarta gaisuwa. An tura ni duba wayoyin wani jirgin ruwa, na yi kwana ashirin, jiya na dawo na tarar da takardarka a kan tebur ba a buɗe ba.

Na gwada guntun mai zare yau da safe. Ba ya bukatar dogon bincike. Ɗan abin da bai kai tsawon yatsa ba ya baƙanta gilashin, takardar gwajin kuwa ta nuna dafin tun hayaƙin farko.

Baffa, rabin layina ka karanta. Na ce kada a zargi kowa, haka ne, amma ban ajiye alƙalami a nan ba. A layin nan dai na ce in ka ga kore a sauko da su a ranar. Rabin farko don mutuncin Yaya ne, rabi na biyu don rayukan mutum goma sha ɗaya. Ba zaɓi na ba ka tsakaninsu ba.

Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ba robar ba ce, haɗin nan ne na bayan mita. Haɗi shi ke zafi in kaya sun yi yawa, kuma yana daidai ƙarƙashin matakala.

Na kira salularka sau huɗu. Yaya ya ɗauka, ya ce kana karatu, ya ce aiki ya kusa ƙarewa, in daina ɗaga wa tsoho hankali. Na nemi lambar Allura ya ce zai turo, har yanzu shiru. Ban san wadda zan gaskata ba, muryarsa ko zuciyata.

Don girman Allah, in wannan ta same ka bangon bai fasu ba, ka sa kwaɗo a ƙofar. Ka ce ni na ce. A ɗora mini duk abin da za a ɗora.

Ɗanka

*

27 ga Rabi'ul Awwal

Da sunan Allah, wanda ba a tambayarSa abin da Ya yi, mu ne ababen tambaya.

Zuwa ga ɗana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka da iyalinka. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Takardarka ta iso ran Alhamis. Gobarar ran Talata aka yi.

Zan gaya maka yadda abin ya kasance a jere, domin hannuna ya fi bakina ƙarfi a yanzu. Mako ukun ya cika bango bai fasu ba. Kullum bayan sallar asuba in tare yayanka a ƙofar masallaci, ya ce an kira shi wani aiki, ya ce mai sayar da bututu bai kawo ba, ya ce Juma'a mai zuwa. Ni kuma kullum in karɓa, domin wanda ya yi shiru kwana ashirin, na ashirin da ɗaya ba ya yi masa nauyi. Kowace rana da aka tashi lafiya sai ta zame mini hujja.

Ran Talata, tsakanin azahar da la'asar, suna gaggawar gama kayan wata makaranta. Ina ɗakin karatu. Da kunnen nan nawa ban ji ihu ba, wari ne ya iso ni, irin warin da na ji a kicin. Ban tsaya neman takalmi ba.

Ɗana, wutar ba wata wuta ba ce. 'Yan kwana-kwana da tukunyar kashe gobara ɗaya suka kashe ta. Inda ta ci a bango bai kai faɗin darduma ba. Ko yadi ɗaya bai ƙone a sama ba, kekunan suna nan da zarensu. Amma matakalar ta zama bututun hayaƙi, baƙi ƙirin, yana hawa kamar ana tura shi. Wani matashi ya jiƙa riga ya rufe fuska ya shiga, taku uku ya dawo yana amai, idonsa ba ya buɗuwa. Maƙwabta suka hau rufin kusa da guduma da zarto suna fama da ƙarafunan taga. Ina tsaye a ƙasa ina ganin hannaye ta tsakanin ƙarfe. Da aka cire ƙarfe biyu, aka zaro tara, ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda suka fita sun gaya mini, da warin ya fara, matan suka ruɗe, sai Mai Maɓalli ta ce, "Ku natsu, 'yan nan. Malam ya ce wayar nan ba ta cin wuta. Wani ne ke ƙona shara, bari in leƙa." Ta buɗe ƙofar ta sauka da ƙafar nan tata. Allura ta tura sauran wajen taga, ta rufe ƙofar a bayanta don hayaƙin kada ya cika ɗakin, ta bi ta. A mataki na bakwai aka same su, Allura ta riƙo ta ta hammata.

Mai Maɓalli ta cika kafin a kai asibiti. Matan da suka yi mata wanka sun ce babu ƙuna a jikinta ko ta ƙwayar gero. 'Ya'yanta suka ce ba wanda zai sallace ta sai ni, domin ta yarda da ni. Na tsaya a gabanta na yi kabbara huɗu. Allah ne kaɗai Ya san abin da na karanta.

Ƙanwarka tana raye. An sa mata roba a maƙogwaro. Likita ya ce huhun zai iya warkewa da lokaci, muryar kuwa bai yi alkawari ba.

Jami'in bincike ya zo ran Asabar. Abin da ke bayan mita ya narke ya zama dunƙule. Yayanka ya kai shi sama ya nuna masa wayar ɗaki da rubutunta, ya kawo ragowar gammon daga shago. Jami'in ya gamsu. Ya ce da alama an yi amfani da kaya masu kyau, laifin na mai ɗakin ne da ta ɗora wa layi guga uku. Har ya ƙara da cewa ashe wayar nan da ake yabo ba ta hana komai. Ya ce zai rufe rahotonsa, sai dai yana son jin ta bakina, domin an gaya masa maganar Malam ba ta bukatar rantsuwa.

Ka ga inda suturata ta kai. Na rufe ɗaya, bargon ya janye daga kan wadda ba ta da bakin kare kanta.

Jiya na je asibiti. Allura ta yi mini alama in miƙo mata littafinta na awon ɗinki da ke gefen gado. Ta juya bayansa ta yi rubutu, ta miƙo mini. Ta rubuta: "Baba, me ya sa ka ce kada mu kunna guga uku? Ka sani?"

An yi mini tambayoyi masu wuya a rayuwata, na gado da na saki da na jini, ban taɓa rasa inda zan buɗe ba. Na karɓi alƙalamin na rubuta a ƙasan nata: "Na sani." Ta daɗe tana duban kalmomin. Sannan ta juya fuskarta bango. Da ta zage ni da bakin nan nata, da na samu sauƙi.

Ka ce rabin layinka na karanta. A'a, ɗana, kada ka sassauta mini. Duka na karanta, sau uku. Na zaɓi rabin da zuciyata ke so, kamar mai yawo tsakanin malamai yana neman wanda zai halatta masa abin da ya riga ya ƙudura. Na san sutura tana inda laifi ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa. Inda cutarwa ke kan hanyarta zuwa ga wasu, gargaɗi ne wajibi, kuma wannan na koyar da shi shekaru ga 'ya'yan mutane. Da ɗan wani ne ya durƙusa a kicin ɗin nan, da kafin la'asar na sa kwaɗo.

Na gaya wa yayanka gobe da safe zan je wurin jami'in. Ya ce, "Baba, ɗanka za ka kai?" Na ce, kaina zan kai. Kai ka ɓoye waya a bango, ni na ɓoye bangon gaba ɗaya, kuma da maganata Mai Maɓalli ta buɗe ƙofar. In kana so mu tafi tare, ka same ni a ƙofar masallaci. Ya tashi ya fita. Innarku tun jiya ba ta yi mini magana ba, ban san don wanne daga cikin 'ya'yanta ba ne.

Ga bukatata. Ka aiko mini da takardata ta ashirin da uku ga Safar, ita kanta, ba kwafinta ba, tare da ragowar guntun mai zare da sakamakon gwajinka, a hannun direban nan. Na ce maka amana ce. Na warware ta. Na san mutanen nan. In na faɗa da baki, za su ce baƙin ciki ne ya taɓa tsoho, za su so su wanke ni, domin wanke ni ya fi musu sauƙi a kan su yarda sun shekara talatin suna salla a bayan wanda ya ga kore ya yi shiru. Takardar tana da kwanan wata, kuma rubutun hannuna ne, kowa ya san shi. Ita ce shaidar da ba za ta ji kunyata ba.

Bayan jami'in, zan je gidan 'ya'yan Mai Maɓalli. Haƙƙinsu ne, ba ni da ikon yafe wa kaina shi, kuma ba zan roƙe su ba.

Rigar nan da ta kafa wa maɓalli ita ce a jikina yanzu, ita zan sa gobe. Tun ran Talata hannuna yake komawa wuyanta ba da sanina ba. Na ja maɓallin, na murɗa shi. Bai motsa ba. Aikin nan nata da ta tambaye ni ko yana riƙe, ya riƙe.

Ka yi mata addu'a, ka yi wa ƙanwarka. In ta yi saura, ka sa da ni.

Wassalam.

Baffanka